Mudun Iska

Shekara ashirin da biyu ina fesa fenti
a garejin Tanimu, bayan kasuwar Yelwa, a Garwa.
Motocin auduga, tasi, baburan da suka sha ƙasa,
kowacce ta shigo da tabo, ta fita tana ƙyalli.
Hancina ne alƙalina.
In ya ce babu komai, shari'a ta ƙare.

Wata Talata sai ga Jaratu, ma'aikaciyar lafiya,
da jaka mai zik da takarda mai hatimi.
Ta maƙala min ɗan inji a ƙugu,
siririn tiyo ya hau kafaɗa, ya tsaya a wuyan riga,
dab da ƙofar numfashi.
Ta ce, "Yi aikinka. Abin da ka shaƙa, shi ma zai shaƙa."
Ya yini yana kuka kamar sauro.
Yaran gareji na dariya:
ga Talle an sa masa ƙarin ruwa a tsaye.

Bayan mako biyu ta dawo,
ta zauna kan tsohuwar taya, ta ce iska ma tana da mudu.
"Ɗauki gero ƙwaya miliyan.
Ƙwaya nawa ce tina a ciki? An yanka adadi.
A tara awa takwas, a raba daidai, kada ya haura nan.
Akwai awon minti goma sha biyar,
lokacin da ka rufe ƙofa don kada fenti ya ɓaci,
ka sunkuya kan gwangwani kana gaurayawa.
Wasu sinadaran kuma rufi gare su,
ko na ƙiftawar ido ba a taɓa shi."

Na ce, ai ni ba na jin warin.
Ta ce, "Mai kwana a bakin Binuwai ba ya jin tafiyar ruwa.
Hanci gajiya yake, ya yi shiru.
Hanta kuwa ba ta da baki."
Na ce, muna shan madara bayan fesawa.
"Madara ciki ta nufa. Wannan ta huhu ya bi."
Tsumman da nake ɗaurawa fa?
Ta ɗaga shi ga rana, haske ya ratso.

Sai na tuna ciwon kan la'asar,
da tangaɗi irin na mashayi, ni da ban taɓa kurɓa ba,
da magariba nawa na tsaya ina tambayar kaina
raka'a ta biyu ce ko ta uku.
Na tuna Bakari, mai hannun zinariya,
da yatsunsa suka fara rawa, ya koma Pitowa.
Muka ce iska ce ta taɓa shi.
Ashe ba mu yi ƙarya ba.

Kafin ta tafi ta ce,
"Kada ka ɗauki lambar nan katanga.
Layi ne mutane suka ja, suna kuma sake ja.
Ba a auna shi da mai asma ba,
ko yaro ɗan sha biyar,
ko mai yin awa goma sha biyu."
Mu sha ɗaya muke yi, har Asabar.

Tanimu ya yi ƙorafin sefa kwana uku,
a na huɗu ya kawo mai guduma aka fasa bango.
Fanka ta zo daga wani gidan burodi da ya mutu,
har yau tana hura mana ɗan ƙamshin gari.
Gwangwanaye sun sami murfi.
Takunkumi mai gawayi a ciki, biyu kacal, muna karɓa-karɓa.
Takardar Jaratu na kafe da ƙusa kusa da kalanda,
fenti shuɗi ya ɗiga kan lambata.

Jiya sabon yaro, Hamajoda, ya leƙo,
ya ja baya, ya ce, "Wurin nan yana wari."
Sauran suka kwashe da dariya.
Na ajiye bindigar fenti, na ce masa,
riƙe hancin nan da kyau,
nawa ya daɗe da yin murabus.